Jirgin Tsoho Mai Wutsiya Biyu

To 'yan uwa, yau asirin kaina zan tona, kuma ina haɗa ku da Allah kada wanda ya fara zagina sai ya kai ƙarshe. Masu turo min saƙo kuna cewa "wai ya ake ciki da Mai Jirgi, kwana biyu kin yi shiru," ga amsarku nan. Shirun ba na lafiya ba ne.

Sababbin shigowa, bari in tsakuro muku kaɗan. Ni ce auta a gidanmu, aikina gyaran tsofaffin hotuna a wani shagon ɗaukar hoto. Ka kawo min hoton da ruwa ya ci ko ya yage, in ɗora shi a sikana, in zauna gaban kwamfuta in yi ta ɗinki har ya dawo kamar jiya aka wanko shi. An ce yabon kai jahilci, amma hannuna yana da kyau. Na taɓa mayar wa wata amarya kunnen da ɓera ya cinye shekara arba'in da suka wuce, jikokinta har da hawaye.

Bara kakana, wanda duk gidan muke ce wa Tsoho, ya cika tamanin, na ce bari in yi masa bajinta. Na lallaɓa na zaro wani hoto daga gwangwanin biskit ɗin da yake adana takardunsa. Shi ne a tsaye yana saurayi, wando ya yi masa yawa, ya dafa fiffiken wani ƙaramin jirgin sama mai farfela biyu. Lokacin yana aikin zuba wa jirage mai a wani ɗan filin jirgi da yanzu ko alamarsa babu. Sai dai gara ta riga ni zuwa. Ta cinye gefen dama na hoton kaf, jirgi ya tashi babu wutsiya.

Ni kuwa me na sani a kan jirgi? A wurina jirgi jirgi ne. Na samo wata wutsiya mai reshe biyu da ta yi min kyau, na liƙa masa, na daidaita haske, na zuba mata dishi-dishi irin na tsohon hoto. Ya fito tsaf, ko ni da na yi sai na ƙura ido nake ganin mahaɗin. Na ba Tsoho ɗaya a firam, ogana mai shagon ya ce in rataya ɗaya a shago don masu shigowa su ga aikinmu.

Wata uku da suka wuce wani ya shigo ɗaukar hoton fasfo. Dogo siriri mai tabarau, ya sa maɓallin riga har wuya, ga ƙurar alli a gwiwar hannunsa. Malamin lissafi ne. Na zaunar da shi na ce ya kalli kyamara, shi kuwa ya kafe ido a bango, bayan kaina.

"Malam, nan za ka kalla."

"Yi haƙuri, wancan hoton na waye?"

"Na kakana. Ɗago haɓarka."

"Taga huɗu, fiffike a ƙasa, ƙaramar taya a baya," yana ƙirgawa da yatsa. "Amma wutsiya biyu? Kai, a'a. Ba zai yiwu ba."

Sau biyar ina ɗauka, sau biyar yana fitowa baki buɗe.

Ashe bawan Allah yana da wata cuta da ban taɓa jin irinta ba. Akwai wani guruf nasu a waya, mutum kusan dubu huɗu daga ko'ina a duniya, yawanci tsofaffin matuƙa jirgi da injiniyoyi masu ritaya. Wani zai sako tsohon hoto da ya koɗe, a shiga rige-rigen gano wane irin jirgi ne, wace shekara aka ƙera shi. Ya ce min ba a farawa da fenti, don fenti maƙaryaci ne. Ana ƙirga tagogi, a duba inda fiffike ya kama jiki, a duba zaman taya da siffar murfin inji, sannan a rufe da wutsiya. Shekararsa bakwai a cikinsu bai taɓa faɗa a ƙaryata shi ba. Akwai ranar da ya gano jirgi daga rabin taya da inuwar farfela kawai, tsofaffin nan suka yi ta jinjina masa.

Na san abin da za ku ce. A nan ya kamata in ce, "Malam, kwantar da hankalinka, wutsiyar nan aikina ce." Wallahi maganar ta zo har bakina. Sai ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya ɗago ya ce, "Ko za ki taimaka min da lambarki? Saboda maganar hoton." Na ga idanun nan ba gilashi, na haɗiye maganata da ruwan sanyi. Na ajiye lambarsa da sunan Mai Jirgi.

Ga irin hirarmu ta farko-farko, don ku ga ba ni kaɗai ce mai laifi ba:

Shi: Na duba littafi shida. Hancin na san shi, fiffiken na san shi. Wutsiyar ce ta tsaya min a rai.

Ni: Allah sarki. Ka ci abinci dai?

Shi: Na manta. Kin san wani a guruf ya ce wataƙila gwaji ne aka ƙera guda ɗaya tak aka daina?

Ni: Ikon Allah! Je ka ci abinci.

Shi: To ranki ya daɗe.

Kun ga wannan "ranki ya daɗe" ɗin? Sau goma sha na karanta shi. Daga nan kullum aka tashi makaranta sai ga shi a shago da gilashin ƙara girma a aljihu. Zai tsaya gaban firam minti biyar, sannan ya ja kujera kusa da teburina mu yi awa guda muna hirar da babu jirgi a cikinta. Oga har ya daina tambayarsa me za a yi masa, sai dai ya ce, "Malam, jirgin bai tashi ba, yana nan."

A gida kuwa Umma ta sa ni gaba. Shekarata ashirin da bakwai, a lissafinta kuma na kusa ritaya. Ga Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta samo min ɗan ƙawarta mai sayar da tayil. Mutumin kirki ne, ba na ci masa mutunci, amma duk safiyar Allah sai ya turo min hoton banɗakin da suka gama shimfiɗawa ya rubuta "irin wannan zan yi miki." Ranar Talata ina yanka albasa ina yi wa waya murmushi, Umma ta ajiye ludayi.

"Wai ke Auta, wannan mai sa ki washe baki kamar gonar auduga, ba shi da ƙafa ne?"

"Yana da ita, Umma."

"To ya tako da ita gidan nan ranar Asabar mu gan shi. In ba haka ba in ce wa Gwaggonki ta turo mai tayil, ko ba komai shi mun san yana da ƙasa mai santsi."

"Umma, don Allah…"

"Na gama magana. Albasar nan kuma ƙanana na ce."

Yanzu ga wurin da nake jin kunyar rubutawa. Kwana goma kafin wannan, ya zo shago bai ko kalli firam ba. Ya zauna ya ce mujallar guruf ɗinsu ta nemi ya yi rubutu a kan jirgin, abin da ya daɗe yana mafarki. Sai ya dube ni sosai.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Da kika gyara hoton nan, kin taɓa jikin jirgin?"

Abin da ya zo min a rai shi ne, in na faɗa, me zai sake kawo shi shagon nan? Ni ba jirgi ba, ba farfela ba.

"Datti kawai na goge," na ce.

"Shi ke nan. Na yarda da ke."

Har zuwa ranar zan iya cewa shiru na yi. Daga ranar kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma na sani. Ya ce duk da haka yana so ya ga asalin hoton da idonsa. Na yi ta yi masa hanya-hanya, yau Tsoho na mura, gobe an kai gwangwanin ajiya. Don haka da na gaya masa Umma na son ganinsa ranar Asabar, amsar da ya turo ita ce: "Alhamdulillahi! In gaishe da Umma, in ga Tsoho, in ga hoton." Jifa ɗaya zai kashe tsuntsu uku, na huɗun kuma ni ce.

Ranar Juma'a da rana na tashi aiki da wuri na shige ɗakin Tsoho da shayinsa. Yana kishingiɗe da rediyo a kan ciki, firam ɗin jirgin a saman kansa, gwangwanin biskit kuma a ƙarƙashin gado daidai inda ƙafarsa take.

"A'a, matata ce da kanta? Yau me na yi na samu shayi ban roƙa ba?"

"Kai dai Tsoho ba a yi maka gwaninta. Gobe fa kishiyarka zai zo."

"Na ji. Mai gilashi. Zan ga abin da ya fi ni."

Na zauna bakin gado ina murza gefen mayafi. "In ya tambayi asalin hoton nan, ka ce ya ɓata."

Ya rage muryar rediyo. "Saboda wutsiyar?"

Jama'a, saura kaɗan in faɗo daga gadon.

"Ka sani?"

"Ke, jirgin da na shekara shida ina ba shi mai ina goge masa jiki? Wutsiya ɗaya gare shi kamar kowane ɗan halak. Tun ranar da kika miƙo min na gani."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"An ƙara min wutsiya kyauta, in yi ƙorafi? Abokaina na zuwa suna cewa ashe jirginka na musamman ne. Ina ce musu ai ku bari kawai." Ya kurɓi shayi yana dariya har yana tari. Da na zayyana masa komai, har da tambayar da aka yi min da amsar da na bayar, sai dariyar ta ɗauke.

"Wannan kuma ba wasa ba ne, Auta. Ni ba zan fara faɗa masa ba, don ba bakina ne ya ɓata ba. Amma da furfurata ba zan ce abu ya ɓata alhali yana ƙarƙashin ƙafata ba. In ya tambaya, gwangwani na nan. Kina da daga yanzu zuwa gobe."

Na rubuta saƙo ya fi sau ashirin ina gogewa. Wani na fara da "ka san gara kuwa?" Wani na fara da addu'a. A ƙarshe abin da na tura shi ne, "Gobe ƙarfe huɗu, kada ka makara." Na ce a raina zan tare shi a bakin ƙofa in gaya masa baki da baki.

Asabar Umma ta sa aka canja labulen falo, aka fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa yarda mu sha ko ruwa da su ba. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin fulawa a hannu, na cire, na sa shuɗiya, na sake komawa ruwan tokar. Kwalli kuwa sai da na zizara sau uku kafin ya zauna. Ina cikin ɗaura ɗankwali na ji sallama a falo. Ƙarfe huɗu saura kwata! Wane irin saurayi ne yake zuwa kafin lokaci? Malamin lissafi, shi ne.

Kafin in fito da tire har an zaunar da shi, Tsoho ya hakimce a kujerarsa da gwangwani a kan cinya. Mai Jirgi ya sha farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, ya durƙusa ya gaishe da Umma yadda ya kamata. Na ga ta gyaɗa kai, alamar ya ci jarrabawar farko.

"Kai ne kake son ƙwace min mata?" in ji Tsoho.

"Aro nake nema, Baba."

"Ji min ɗan nema da baki! To me ka fi so ka fara gani, ita ko jirgin?"

Ya yi dariya ya sunkuyar da kai, sannan ya zaro farar safar hannu daga aljihu yana sawa. Umma ta matso kusa da kunnena. "Ba kin ce malami ne ba? Ko likita ne?"

"Don kada ya ɓata hoton ne, Umma."

Tsoho ya dube ni, ya ɗora hannu a kan murfin gwangwani ya jira. Na san ni yake ba dama. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ga lemo." Tsoho ya girgiza kai ya buɗe murfin.

Mai Jirgi ya karɓi hoton da hannu biyu. Ina kallon idonsa yana bin jikin jirgin, taga ɗaya, biyu, uku, huɗu, har ya isa inda gara ta yi walima. Ya tsaya. Ya fito da gilashinsa ya duƙa a kan bakin ramin, inda ɗan guntun gindin wutsiyar gaskiya ya rage, guda ɗaya tilo a tsakiya. Ya ɗago ya kalli firam ɗin da Tsoho ya fito da shi ya jingina a kan tebur, ya sake kallon na hannunsa. Ni bai kalle ni ba.

"Ni ce," na ce, ina ajiye tire. "Ni na sa masa wutsiyar. Ban san komai a kan jirgi ba, kyau kawai ta yi min. Kuma da ka tambaye ni, ƙarya na yi maka."

Umma ce ta fara samun baki.

"Innalillahi! Ke da na ce ki fito da miji, sai kika fito da wutsiya?"

Ya ajiye gilashin a hankali. "Na san jirgin nan, Baba. An ƙera irinsa da yawa, ɗaukar wasiƙu da magani suke yi zuwa ƙananan filaye. Ba ta saman fiffiken hagu ake zuba masa mai ba?"

Tsoho ya zabura. "Ta nan ne! Murfin kuma sai ka doke shi da tafin hannu yake buɗewa!"

Suka yi kusan awa ɗaya. Tsoho yana ba da labarin da mu jikokinsa ba mu taɓa zama mun saurara ba, yana kwatanta ƙarar inji da baki, shi kuma yana rubutawa a ɗan littafinsa. Ya sha lemonsa, ya yaba labulen Umma, ya yi sallama cikin ladabi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na raka shi bakin get. Ya tsaya yana cire safar hannun yatsa ɗaya-ɗaya.

"Don Allah ka yi haƙuri," na ce. "Allah ya taimaka ba ka tura rubutun ba."

"Na tura ranar Alhamis. Sun ce ranar za su rufe karɓa. Yau da safe ya fito." Ya ninke safar. "Na rubuta a ciki cewa na tabbatar ba a taɓa hoton ba, in an samu akasin haka a kama ni. So na yi in nuna miki yau a gaban Umma."

Na rasa inda zan sa kaina.

"Zan rubuta musu in ce kuskurena ne, ban yi bincike ba. Ba zan ambace ki ba. Amma me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Da na gaya maka, da ka sake dawowa shagon?"

Sai a lokacin ya dube ni. "Tun sati na biyu ba jirgin nake zuwa gani ba. Na ɗauka kin sani."

Ya juya ya tafi. Na tsaya riƙe da ƙarfen get ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, da kwallina da komai. Shekara bakwai yana gina sunansa, ni na rushe shi da yammaci ɗaya a gaban kwamfuta, kuma wai shi zai ɗauki laifin.

Na koma ciki, na karɓi hoton daga hannun Tsoho na ɗauke shi da waya. Tun tuni Mai Jirgi ya sa ni a guruf ɗin nasu, na kashe ƙararsa don surutunsu ya yi min yawa. Na shiga na tarar ana ta yi masa barka, wani tsohon matuƙi har ya ce rabonsa da farin ciki irin wannan tun ranar da ya yi ritaya. Na ɗora hotunan biyu gefe da gefe, na gara da nawa, na rubuta:

"Ni ce mai gyaran hoton nan. Wutsiyar ni na liƙa ta. Malam ya tambaye ni ƙarara ko na taɓa jirgin, na ce masa a'a. Laifinsa ɗaya, ya yarda da ni. Ko da rabin hoto, cikin minti ɗaya ya gano ainihin jirgin. Ku zage ni, shi ku ƙyale shi."

Na runtse ido na tura.

Wayata ta fara ɓari kamar mai zazzaɓi. Wasu dariya, wasu faɗa, wani injiniya ya ce sati biyu ya yi yana zana yadda iska za ta bi wutsiyar nan, wani kuma ya tambaya ko ina karɓar aiki. Na duba wajen Mai Jirgi. Na ga alamar ya karanta. Ya fara rubutu ya daina, ya sake farawa ya daina. Rana ta kusa faɗuwa sannan saƙonsa ya shigo, ni kaɗai:

"Na ga abin da kika yi. Ban huce ba tukuna. Amma wata uku ina neman wutsiyar nan a duk littafin da na mallaka ban same ta ba. Litinin in an tashi makaranta zan zo shago. Ki nuna min jirgin da kika ciro ta daga jikinsa, daga nan sai mu san abin da ya rage tsakaninmu."

Zai zo, 'yan uwa. Zai zo! Na rungume waya na yi tsalle ɗaya, a na biyun ne na tsaya cak. Don akwai abin da ban gaya masa ba, ban gaya wa Tsoho ba, ku ma ban gaya muku ba.

Jirgin yana nan a shago, cikin kwandon kayan wasan da muke kaɗa wa jarirai don su kalli kyamara. Na roba ne, ja da rawaya, wani yaro ya tauna masa hanci. In ka matsa cikinsa kuma kuka yake yi, fiiit.